Jar Roba a Ƙarƙashin Motar Baba Habila

A wani gari na kan duwatsu akwai wani mutum, sunansa Filibus. Yana da wata tsohuwar mota koriya, mai kujera biyu kacal, rufinta na tamfol, cikinta dab da ƙasa kamar na ƙadangare. Don gudu aka ƙera ta, ba don kaya ba. Asalinta ta wani Bature ce mai aikin kuza. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa direbansa Habila, mahaifin Filibus. Habila ya tuƙa ta shekara talatin. Da idonsa ya yi rauni, bayansa ya sandare, ya miƙa wa ɗansa makulli.

Filibus yana ƙaunar motar. Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai. A ƙarƙashinta, duk inda hannun ƙarfe mai riƙe taya ya haɗu da jikin mota, akwai wata 'yar baƙar roba a tsakani. Makanikai suna ce mata bushin. Ba ta kai dunƙulen hannu ba, ba kuma mai ganinta sai wanda ya kwanta a ƙasa. Bayan damina biyu ko uku sai ta tsattsage, ta lotse, mota ta fara ƙwanƙwasa, sitiyari ya riƙa yawo a hannu. Sai an ɗaga mota an sake ta.

Wata rana mai sayar da kayan mota ya nuna masa sabon bushin. Ja ne, yana sheƙi, da tauri kamar ƙaho. Ya ce sunan abin foliyuritan, mai ba ya cinsa, zafi ba ya fasa shi, ba ya lotsewa. Filibus ya danna da babban yatsa, yatsa bai shiga ba. Ya sayi na motar gaba ɗaya.

A lokacin saura mako guda a yi sujadar godiyar kaka a ƙauyensu. Baba Habila ya shekara shida bai je ba. Da kansa ya ɗauki duwatsun harsashin majami'ar ƙauyen, cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi kuwa saura mutum ɗaya, abokinsa Dogara. Ya ce wa ɗansa, "Bana ka kai ni. A motata. Ina so in zauna kan benci ɗaya da Dogara kafin ɗayanmu ya riga ɗaya."

Filibus ya kai motar wurin Zakka, tsohon bakaniken da ya san ta tun tana hannun Bature. Zakka ya juya jar robar, ya buga ta a kan teburin aiki. Ta yi ƙara kamar tsakuwa.

"Wannan alewa ce ko bushin?"

"Kawu, zamani ne ya zo. Wannan ba ta mutuwa."

"To wa zai mutu a madadinta?"

Filibus ya yi dariya. "Kai dai, Kawu, tsoro kake ji kada in daina zuwa garejinka."

"Da na huta da surutunka." Zakka ya goge hannu da tsumma. "Ji nan. Abin nan ba mugu ba ne. Bari in sa maka shi a sandar gaba mai hana mota tangaɗi, can ne wurinsa. Amma inda hannu ya kama jiki, ka sa sabuwar baƙa. Ƙarfen nan ya girme ka."

Filibus ya ɗauki tsohuwar robar da aka cire, duk ta dare kamar diddigen manomi. Ya ce, "Baƙar ce take ba ni kunya. Dubi yadda ta koma."

"Na gani. Ka tambaye ta abin da ya tsattsaga ta?"

"Sa mini ja duka, Kawu."

Zakka ya shafa giris, ya sa duka.

Ranar Lahadi da sassafe Filibus ya ɗauki mahaifinsa suka kama hanya. A kan kwalta motar ta zama wata sabuwa. Ba ƙwanƙwasa, ba yawon sitiyari. Inda ya nuna mata nan take bi, a kwana kuwa kamar an ɗaure ta da ƙasa. Baba Habila ya shafa ƙofa, ya ce, "Haka take ranar da na fara ganinta." Filibus ya ji daɗi har cikin ransa. Ya so a ce Zakka yana nan ya ji.

Sai suka sauka daga kwalta suka shiga hanyar ƙauye, mai duwatsu da zaizayar damina. Nan Filibus ya fara jin hanya a haƙoransa. Kowane dutse da taya ta taka sai ya hau ta ƙarfe, ya shiga kujera, ya shiga baya. Ya rage gudu. Ya dubi tsohon, ya ga ya damƙe ƙofa, ya rufe ido, gumi yana bin gemunsa.

"Baba, in tsaya ka huta?"

"Tafi. Za su fara waƙa."

A gangaren wani rafi taya ta faɗa tsakanin duwatsu biyu. Ba wani babban rami ba ne, motar ta sha wuce irinsa. Aka ji ƙas. Tayar gaba ta karkata, mota ta durƙusa.

Filibus ya kwanta ya leƙa. Jar robar tana nan yadda aka sa ta, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Amma kunnen ƙarfen da yake riƙe da ita ya yage daga jikin mota kamar takarda.

Ya kama mahaifinsa ya zaunar da shi a gindin ɗorawa. Hanyar shiru, domin kowa yana majami'a. Daga bayan tudu iska takan kawo amon ganga da muryar mata masu waƙa, ta sake ɗaukewa. Tsohon ya daɗe yana sauraro. Can ya ce, "Me ka sa wa motar?"

Filibus ya faɗa masa.

"Ita jar ta fashe?"

"Ba ta fashe ba, Baba. Ba ta ji komai ba."

"Ni na ji."

Sai bayan azahar wata a-kori-kura ta biyo ta ɗauke su. Suka tarar an tashi. Dammunan dawa da buhunan acca suna jibge a gaban majami'a, bencina ba kowa. Dogara ya jira har ƙarfinsa ya ƙare, jikokinsa suka mayar da shi can tungarsu a hayin kogi, inda mota ba ta zuwa. Kafin wata kaka Ubangiji ya kira Dogara.

Zakka ya yi wa kunnen walda, ya sa baƙar roba, ya bar ja a sandar gaba. Bai ce na faɗa maka ba. Filibus ya tona cikin sharar gareji, ya nemo tsohuwar robar nan mai tsage-tsage, ya ajiye ta a aljihun mota.

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Motar ita ce gidanka, ita ce kuma ikilisiya. Hanya mai duwatsu ita ce zaman duniya. Ba wanda zai share muku ita. Baƙar robar kuwa mutumin nan ne da Allah ya sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A gidanka wataƙila matarka ce, da take karɓar zafin bakinka ta sassauta shi kafin ya kai ga 'ya'ya. A majami'a wataƙila dattijon nan ne da matasa suke zuba wa fushi, shugabanni su zuba masa nasu, ya haɗiye, gobe ya gaishe da kowa. Ba a ganinsu. Sai ranar da suka gaji muke tunawa da su, mu ce ba su da ƙarfi, a kawo mai tauri wanda ba ya lanƙwasa.

Tauri yana da wurinsa. A kan gaskiya kada ka lotse. Amma wanda ya ce shi ba ya haɗiye komai, ba ya ɗaukar wa kowa komai, dukan bai ɓace ba. Wucewa ya yi ta jikinsa ya sauka kan wani, yawanci kan tsoho, ko mai rauni, ko zumuncin da ya daɗe. Shi yana nan yana sheƙi, gida ya yage.

Ubangijinmu Yesu bai miƙa dukan ga na gaba ba. A jikinsa ya tsaya. Tabon yana hannuwansa.

Saboda haka in ka koma gida yau, ka sunkuya ka duba wanda yake ɗaukar maka gargada. In ka ga ya tsattsage, kada ka raina shi. Ka tambaye shi abin da ya tsattsaga shi, ka tsaya ka ji amsa. Mai yiwuwa sunanka zai kira.