Ruwa Bakwai na Doyar Daji

Akwai wani manomi mai rumbu goma sha biyu. Kakanninsa maharba ne, kakannin matarsa kuwa mata ne masu tonon saiwa da tsintar 'ya'yan itace a jeji. Da ya yi arziki sai abin ya riƙa ba shi kunya, har ya hana a ambaci sunayensu a gidansa. Ya ce, “Mu ba 'yan daji ba ne.”

Sai ruwan sama ya ɗauke shekara biyu. Rumbunan suka ƙare, yara suka kwanta da yunwa. Mutumin ya tuna da wani kwari inda ubansa yakan ɗana tarko, wanda kakansa ne ya nuna wa uban nasa. Ya tafi can ya tono doyar daji buhu guda. Ya wanke ta sau ɗaya, ya ce a ɗora tukunya.

Matarsa ta zauna a kan buhun. Ta ce, “Maigida, wannan doya dafi gare ta. Sai an yanka ta an jiƙa, an sake mata ruwa sau bakwai. Kowane ruwa kuma da sunansa.”

Ya ce, “Ke, yara na mutuwa kina zancen suna?”

Ta ce, “Da sunayen iyayena mata muke ƙirga ruwan, don kada a ɓata lissafi. Kai ka hana. To, zaɓi: kunyarka ko 'ya'yanka.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Faɗe su.”

Ta kai doyar rafi. Ruwan fari ta ce, “Na uwata Kyauta.” Na biyu, “Tune, uwar Kyauta.” Haka ta bi su, Shekara, Dela, Gambo, Magira, har Ayashe ta bakwai, wadda ba wanda ya san kabarinta. Sannan ta dafa. Yaran suka ci, ba wanda ya mutu. Maƙwabta suka zo tambaya, mutumin da bakinsa ya koya musu sunayen, da babbar murya.

Ma'anar wannan misali ita ce: Allah bai soma ciyar da gidanku ranar da kuka sami rumbu ba. Ya ciyar da ku tun kuna cikin jinin maharbi da mai tonon saiwa. Turawan nan da kuke kwaikwayo ma sun bincika jininsu, ta wajen uwa da ta wajen uba, suka tarar da maharba da masu tsintar abincin jeji a gindin zuriyarsu. Ba su ɓoye ba, rubutawa suka yi.

Ku da kuke zaune a nan, wa zai iya kiran sunan kakar kakarsa? Wanda ya raina waɗanda suka haife shi ya raina hannun Ubangiji da ya raya su. Kada ku dawo nan ran Lahadi ba ku tambayo sunayen kakanninku ba. Tsofaffin da suka sani suna ƙarewa.