Rumbun Bushiya da Takunkumin Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Bushiya ce ta noma gero ta cika rumbu, ga ta kuwa ko inuwarta ba ta yarda da ita ba. Rannan sai ga Kurege.

"Inna, iri nake so, tafi ɗaya. Kada ki tashi, nuna mini rumbun in ɗebo, ya fi sauri."

Ta harare shi. "Kafin in gama yi maka kwatance ai na miƙo maka. Ungo. Ka shuka ko ka tauna, naka ne."

Bai yi nisa ba sai ga Jaki, Giwa ta aiko shi ya ga geron duka kafin ta saya. Bushiya ta ce bari ta fito da geron waje. Dami biyu ta jawo, bayanta ya riƙe, rumbu ko alamar raguwa bai yi ba.

Jaki ya ce, "Haba uwar gida, haka za mu kai damina. Kai ni in leƙa mana."

Ta ga gaskiyarsa, ta kuma ga haƙoransa. Sai ta ɗauko igiya ta ɗaura masa takunkumi.

Ya yi gunaguni ta cikin igiya, "Ashe ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da idonka, malam. Shi aka aiko."

Ya leƙa, ya ga gero, ya koma wurin Giwa yana zubar da yawu.

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbu, kowa ya tashi.