Mutumin da Ya Ce Ruwa Ne Iyakarsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Katsina, can bayan Ƙofar Sauri. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Ubansa ya rasu ya bar masa gida da 'yar gona a bakin wani tafki. Ranar rabon gado dattawa suka ce: gabas, iyakarka itacen bedi, yamma, iyakarka ruwa. Daga gefensa kuma gidan ƙanen mutumin ne marigayi, inda matar ƙanen, Rakiya, ke zaune da marayu uku, gidan yana kan gaɓar tafkin.

Sai ruwa ya fara ja da baya. Bana taki goma, baɗi taki ashirin. Masunta suka naɗe komarsu, masu lambu suna kuka, a masallatai ana roƙon ruwa. Shi kuwa gogan naku, murna ta ishe shi. Ya ce ai ruwa ne iyakarsa, duk inda ruwa ya ja, nan gonarsa ta kai. Kun ji wayon ɗan Adam!

Ya sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe da gaɓa. Ya kira masu tifa suka riƙa kwasar yashi daga safe har la'asar. Rami ya ci, ya ci, har ya kai gindin katangar Rakiya.

Ta zo ta durƙusa, ta ce, "Yaya, don Allah a dakata. Ɗakin yaran nan ya tsage, hannu na shiga."

Ya ce, "Ni a gonata nake haƙa. Mi ya shafe ki?"

Liman Malam Yahaya ya same shi har gida, ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wurin nan na ruwa ne, aro ya ba ka." Gogan ya yi dariya, ya ce in ruwan ya dawo ya zo ya kai ƙara.

Wallahi, 'yan uwa, in zuciya ta ƙeƙashe ta fi gindin tafkin nan bushewa.

Da kuɗin yashin ya tayar da bene a bakin ramin, ya shafa masa fenti. Shekara huɗu ana haka.

Sai wata Juma'a cikin Agusta, ana sallame salla, hadari ya haɗo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gaɓar da ba saiwa, an kuma rarake mata ciki, me zai riƙe ta? Ta zaftare. Gidan Rakiya ne ya fara tafiya, ta tsira da yaran da tufafin jikinsu kawai. Kafin magariba benen ya kwanta a cikin ramin da mai shi ya haƙa. Zaizaya ba ta tsaya nan ba, ta ci gonar, ta ci tsohon gidan ubansa, har itacen bedin da ke gabas ta tumɓuke.

Ya tafi wurin mai unguwa yana kuka, a auna masa filinsa. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, da bakinka ka ce ruwa ne iyakarka. To, ga ruwan nan ya kai bedi. Ina za mu sa igiya?"

Bai sake samun kansa ba. Yau yana rakuɓe a zauren wani, ɓarin jikinsa guda ya shanye. Marayun kuwa an rarraba su gidajen dangi, har yau ba su sake kwana ɗaki ɗaya da uwarsu ba. Wa zai biya su wannan? Da me?

Ya 'yan uwa, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Taki ɗaya na ƙasar da ba taka ba, za ka ɗauke shi a wuya ranar da ba tifa, ba mai unguwa. Bare kuma haƙƙin maraya.

Allah ya kiyaye mu da cin iyaka, ya raba mu da haƙƙin da ba za mu iya saukewa ba. Amin.