Jimina Ta Kai Wuri Ƙasar Ƙaguwa

An yi wata Jimina mai son yabo, ita ce Ma'ajin dabbobin Fadama, mai riƙe da rumbun geronsu. A majalisarsu akwai Hawainiya, uwar tambaya. Al'adarsu kuwa, ba a buɗe rumbu sai majalisa ta zauna a gindin tsamiya ta amince.

Wata rana Ƙaguwa ta zo daga ƙasarsu ta hayin kogi, ta ce, "Kuɗinmu ya lalace, kasuwa ta tsaya, 'ya'yanmu na kwana da yunwa. Ku taimake mu."

Tana juya baya Jimina ta ce, "Tunda kuɗi ne matsalarsu, kuɗi zan kai musu."

Hawainiya ta ce, "Yaya Jimina, bari majalisa ta zauna tukuna. Me ya lalata kuɗin nasu? Kin tambaya?"

"Ke dai da tambaya sai ka ce alƙali. Kafin ki ɗaga ƙafa ɗaya sun mutu. Ni ce Ma'aji ko ke?"

"Ke ce, amma geron na kowa ne."

Jimina ta yi kunnen uwar shegu. Ta sayar wa fatake rabin geron, ta karɓi kuɗin wuri buhu-buhu, ta zura da gudu, tun a hanya tana jiyo kirarin da za a yi mata.

Da ta isa, sai ta tarar da wuri tsibi-tsibi a bakin kogi, yara na wasa da shi. Ashe ambaliya ce ta kwaso shi, kowa ya ɗiba, har buhu guda ba ya sayen zangarniya ɗaya.

Ƙaguwa ta dubi kayan ta ce, "Baiwar Allah, ai abin da ya kashe mu ke nan. Gero muke nema."

Kunya ta kama Jimina, ta kwaso kayanta ta dawo jiki a sanyaye.

Majalisa ta zauna, ta kira Ƙaguwa ta ji bayaninta. Aka ɗebar musu gero daga ragowar, kowa ya yarda ya rage cinsa, aka kuma tuɓe Jimina. Ana cikin rabon hatsin damina sai Jimina ta ce ƙasa-ƙasa, "To, nawa rabon fa?"

Hawainiya ta nuna buhunan wurin ta ce, "Ga shi can, Yaya. Ai kin riga kin saya."

Darasin wannan labari shi ne, taimakon maƙwabci abu ne mai kyau, amma wanda aka ba amanar dukiyar jama'a kada ya raina masu tambayarsa. Matambayi ba ya ɓata.