Gidan da Habila Ya Kushe

Akwai wani mutum mai suna Habila, wanda ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati a birni. Da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, sai ya ce zai shiga harkar sayen gidaje yana ba da haya. To, mutumin nan ko akurki bai taɓa saye ba, saboda haka ya nemi wani dillali ya koya masa ciniki.

Dillalin ya ce, "Maigida, kada mai kaya ya ga so a fuskarka. Ka kushe, ka taya ƙasa-ƙasa. In aka ce albarka, juya ka tafi. Kafin ka kai bakin titi za a kira ka."

Habila ya gwada a kan wani fili, aka kuwa kira shi. Shi ke nan, ya ga ai ya zama gwani.

Ana nan sai ya ji za a sayar da wani tsohon gida a garinsu, bayan layin dogo. Gidan nan kuwa a cikinsa aka haife shi, sa'ad da mahaifinsa yake leburan jirgin ƙasa yana hayar ɗaki guda. Mai gidan, Mama Damaris, ta tsufa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna so ta koma wurinsu. Habila ya tuna sanyin ruwan rijiyar gidan. Ya tuna ƙosan da Mama takan soya wa yaran gidan ran Lahadi bayan sujada, su ci a bakin katanga suna ƙirga taragun jirgi. Ya tuna ranar da ya faɗo daga bishiyar gwaiba ya fasa goshi, ita ce ta goya shi har asibiti. Wannan gida ba don haya yake son sa ba, a ciki yake so ya ƙare kwanakinsa.

Amma fa ya riga ya sha karatun dillali. Ya ce a ransa, in ta gane shi kuɗi zai hau. Sai ya ja hula ya rufe tabon goshinsa, ya shiga kamar baƙo.

Tsohuwa ta ɗebo masa ruwan rijiya a ƙwarya. Maƙogwaronsa yana so, amma ya kawar da kai ya ce, "A'a Mama, rijiyoyin unguwar nan duk zartsi ne." Ya ƙwanƙwasa bango ya ce ya tsage. Ya dubi gwaibar ya ce sai an sare ta. Sa'an nan ya taya rabin abin da ya zo da niyyar biya.

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ta ce, "Albarka, ɗana."

Ya juya ya fita, yana tafiya a hankali, kunnensa a baya. Ya kai bakin titi, shiru. Dillalin ya ce masa ya ba ta mako guda, za ta sauko.

Da mako ya cika ya komo, sai ya tarar ana loda kayanta a mota. An sayar wa wani malamin makaranta mai 'ya'ya biyar, a kuɗin da bai ma kai wanda Habila ya tanada ba. Ya cire hula, ya durƙusa, ya ce, "Mama, ni ne fa, Habila ɗan Ladi!"

Ta ce, "Na sani. Tun da ka sunkuya a ƙofa ka kauce wa ƙusar nan na gane ka, ba wanda ya san da ita sai 'yan gida. Shekara biyu ina korar masu saye, ina addu'a ɗayanku ya dawo. Ka dawo, ka ce mini ruwan da na yi maka wanka da shi zartsi ne. Malamin nan ƙwarya biyu ya sha. Na riga na sallama, ɗana, gaban mai unguwa da shaidu."

Ta tsinko gwaiba guda ta sa masa a hannu, ta shiga mota. Habila ya tsaya a wurin yana kuka kamar yaro.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan alherin Ubangiji ne, wanda da yawanmu a cikinsa muka tashi. Iyayenmu sun goyo mu zuwa sujada tun ba mu san damarmu da hagunmu ba. Yanzu mun girma, mun yi wayo, mukan zo gabansa da hula a goshi muna ciniki. Mu ce wa'azi ya yi tsawo, mu ba shi rabin zuciya, mu juya muna jira a roƙe mu. Kai, 'yan'uwa, wa muke ruɗi? Ya gane mu tun daga ƙofa, maganarmu kawai yake jira. Habila ya samu mako guda, bai kuwa ishe shi ba, ni da ku ba wanda ya yi mana alkawarin ko gobe. In kana son gidan Ubanka, cire hular yau, ka ce, "Uba, ni ne."