Yadda Balbela Ta Samu Aiki Wurin Saniya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

Wata shekara fari ya tsananta, 'ya'yan Balbela suna kwana da yunwa. Sai aka ji Saniya tana neman ɗan aiki, tsuntsaye suka yi dafifi.

Shaho ya fara da kirari: "Ni ne mai ɗauke ɗan tsako a gaban uwarsa!"

Saniya ta jawo maraƙinta jikinta, ta ce, "Allah ya ba da sa'a a gaba."

Ungulu ta matso ta ce, "Uwar garke, ni gwanar shara ce. Ko jiya wata 'yar'uwarki ta faɗi, ƙashi kawai na bari."

Saniya ta ce, "Tir! Mutuwata kika zo jira?"

Ita kuwa Balbela tun ɗazu tana lura da yadda Saniya ke kaɗa kunne. Ta yi sallama, ta tashi fir, ta fizge wata ƙatuwar kaska daga kunnen, ta ajiye a gabanta.

Ta ce, "Sunana Balbela, ranki ya daɗe. Ga aikina."

Saniya ta lumshe ido don daɗi, ta ce, "Hau bayana, 'yar nan, akwai saura!"

Ran nan 'ya'yanta suka ƙoshi. Har gobe kuwa Balbela na kan aikinta, da farar rigarta fes.

Ƙurunƙus kan kaska! Mai musu ya je garke ya gani.