Ɗakin Kwanon Baba Tanimu

A wani ƙauye an yi wani manomi mai rufin asiri, wanda ba ya son a ce wani ya riga shi aikin alheri. A ƙofar gidansa akwai wata babbar ceɗiya. A gindinta wani tsoho mai suna Baba Tanimu yake kwana yake tashi, tun shekarar da ambaliya ta rushe masa gida, ga shi ba ɗa ba jika.

Da manomin ya sayar da amfanin gona, sai ya ce a ransa, "Bai kamata dattijo ya ƙare kwanakinsa a waje ba." Ya sayo kwano sabo fil, ya sa aka kafa ɗaki a bayan gida, bango kwano, rufi kwano, ko taga babu. Ran Lahadi mutane suka biyo daga sujada suna kallo, suna sa masa albarka. Gogan naku kuwa baki har kunne.

Sai bazara ta shigo, irin wadda kaji ke haki a ƙarƙashin rumbu. Wata rana da azahar manomin ya tarar tsohon ya dawo gindin ceɗiya da 'yar tabarmarsa.

Ya ce, "Baba, me ya fito da kai?"

Tsohon ya ce, "Ɗana, ɗakin ba shi da laifi. Sai dai in rana ta take, numfashi yana yi mini wuya. Ka bar ni nan zuwa la'asar."

Ran manomin ya ɓaci. "Haba Baba! So kake a ce na koro ka? Ɗakin da ko mahaifina bai taɓa kwana a irinsa ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, gama ba ya so a kira shi butulu. Ya naɗe tabarmarsa ya koma.

Bayan kwana uku Rifkatu matar manomin ta kai wa tsohon kunu da tsakar rana, sai ga ta a guje tana kuka. Manomin ya ruga ya shiga. Zafi ya buge shi kamar ya leƙa tanderu. Tsohon yana kwance dab da ƙofa, rai ya riga ya yi halinsa. Manomin ya durƙusa zai yi addu'a, amma bai kai ƙarshenta ba zafi ya koro shi waje. Nan ya zube a ƙasa ya yi kuka mai zafi, gama sai a ranar ya fara shiga ɗakin nan da rana tsaka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Manomin nan mu ne. Ɗakin kwanon shi ne taimakon da muke yi domin idon jama'a, ba tare da mun tambayi mai bukata abin da ke damunsa ba. A wannan zafi, wanda ba shi da gida inuwa yake nema, da ruwan sanyi, da wanda zai leƙo shi da azahar ya ga ko yana lafiya. Sau da yawa ba zai faɗa sau biyu ba, kunya za ta rufe masa baki. Saboda haka in ya yi magana, ku kasa kunne. Ubangiji ba zai tambaye mu kwano nawa muka saya ba. Zai ce, "Ɗana ya gaya maka yana shan wuya. Me ka amsa masa?"